Azurfar jirgin Gairsoppa: ta wa ce, kuma yaya aka ciro ta?

Wani bawan Allah ya aiko da tambaya. Ya ce ya ji an ciro azurfa mai tarin yawa daga wani jirgin 'yan kasuwa da Jamusawa suka nutsar a Yaƙin Duniya na Biyu. Yana so ya san ko duk wanda ya kai ga irin wannan dukiya ta zama tasa ke nan, tunda shekaru sun ja kuma masu ita sun daɗe da mutuwa. Sannan yana mamakin yadda kaya za su shekara 70 cikin ruwan gishiri a same su da sauran amfani.

Malam, a'a, ba ta zama tasa ba. Kayan da ya nutse a teku yana nan a hannun mai shi, ko magajinsa, ko wanda ya biya diyyarsa, ko da ya shekara ɗari a ƙasan ruwa. Wanda ya ciro shi ladan aikinsa kawai yake bi, kuma shi ma ladan sai an yi yarjejeniya ko kotu ta yanka. Jirgin da nake kyautata zaton kana nufi shi ne Gairsoppa, kuma labarinsa ya isa ya warware maka duka tambayoyin biyu, saboda haka bari mu bi shi daga tushe.

An ƙera Gairsoppa a 1919 a bakin kogin Tyne da ke arewa maso gabashin Ingila. Jirgin dakon kaya ne mai aiki da tururi, tsawonsa kimanin mita 125, mallakar kamfanin British India Steam Navigation. Sunan na wani wuri ne a kudancin Indiya da ya yi suna da ruwa mai gangarowa daga kan dutse. Ka riƙe maganar tururin nan, domin ita ce silar halakarsa. Irin wannan jirgi kwal yake ci. Akwai mutane a can ƙasan cikinsa, cikin zafi da baƙin hayaƙi, aikinsu dare da rana su riƙa ɗibar kwal da shebur suna watsawa wuta, wuta ta tafasa ruwa, tururi ya juya inji. Ranar da kwal ya ƙare, jirgi ya zama gungumen ƙarfe a kan ruwa.

A Disamba 1940 ya tashi daga Kalkata da ganyen shayi da ɗanyen ƙarfe da jakunkunan wasiƙu da tubalan azurfa, zai kai Birtaniya. Bahar Rum ba ta biyuwa a lokacin saboda yaƙi, dole ya zagayo ta ƙarshen kudancin Afirka ya hauro zuwa Freetown a Saliyo. Freetown kuwa ita ce zangon da jiragen Afirka ta Yamma da na gabas suke haɗuwa su jira a haɗa musu ayari. Jiragen da suka yi lodin gyaɗar Kano da kuzar Jos a Legas ma ta nan suke bi. Hikimar ayarin teku ita ce ta fatake: ku tafi tare, da wuya ɗan fashi ya same ku, in ma ya taɓa ɗaya akwai mai tsamo mutanensa. Gairsoppa ya shiga ayari mai lamba SL 64 a ƙarshen Janairu 1941.

Da suka hau arewacin Atalantika sai hunturu ya tarye su da iska da manyan igiyoyin ruwa. Jirgin da ya sha kaya yana kokawa da iska, kwal yake ci fiye da ƙima, ga shi dole ya riƙe saurin ayari. Kyaftin Gerald Hyland ya yi lissafi ya ga abin da ya rage ba zai kai shi ba. Ranar 14 ga Fabrairu ya ware daga ayarin ya nufi Galway a yammacin Ailan, ƙasar da ba ta shiga yaƙin ba, don ya ƙaro kwal. Ni dai ban ga laifinsa ba. In ya dage da bin ayari wuta za ta mutu masa a tsakiyar teku, in ya ware ya zama saniyar ware. Gaba kura, baya sayaki.

Ranar 16 ga wata wani jirgin saman leƙen asiri na Jamus, samfurin Focke-Wulf Condor, ya hango shi. Cikin daren, jim kaɗan bayan ƙarfe sha biyu, wato an shiga 17 ga Fabrairu, jirgin ƙarƙashin teku U-101 ƙarƙashin Ernst Mengersen ya sakar masa tofido, wato bam mai tafiya a cikin ruwa. Ya same shi a gefen dama, a rumbun kaya na biyu. Fashewar ta kayar da dogon turken gaba wanda wayoyin rediyo suke maƙale a kansa, saboda haka ko kiran neman agaji ba a samu aikawa ba. Cikin kimanin minti 20 ruwa ya haɗiye shi, kilomita kusan 480 kudu maso yammacin Ailan.

Mutane 85 ko 86 ne a ciki, gwargwadon lissafin da ka bi. Mutum ɗaya tak ya rayu.

Sunansa Richard Ayres, hafsa na biyu a jirgin. Kwalekwalen ceton da ya jagoranta ya ɗauki mutum talatin da 'yan kai, mafi yawansu Indiyawa. Ka ƙaddara buɗaɗɗen kwalekwale a watan Fabrairu a wannan teku, ruwa mai ƙanƙarar da jini yana fantsamowa ciki, mutanen da suka fito daga ɗakin wuta da 'yar riga ɗaya. Ruwan sha ana auna shi, busasshen biskit ba ya haɗiyuwa a maƙogwaron da ya bushe. Wasu ƙishi ya ci ƙarfinsu suka sha ruwan teku, shi kuwa ƙara ƙishi yake ya juyar da hankali. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa mutuwa. Kwana 13 suna wannan hali. Ranar 1 ga Maris, su bakwai da suka rage suka hango gaɓar Lizard a Cornwall, can ƙuryar kudu maso yammacin Ingila. A nan, ƙasa tana gabansu suna ganinta, igiyar ruwa ta kifar da kwalekwalen a bakin duwatsu. Wasu yara da aka kwaso daga Landan saboda ruwan bama-bamai su suka hango abin daga kan tudu suka ruga neman taimako. Ayres kaɗai aka jawo da rai. Ya warke, aka ba shi lambar girmamawa, ya koma aikin teku, bai rasu ba sai 1992.

Yanzu ga inda amsar tambayarka ta farko take. Inshorar kayan teku ta yau da kullum ba ta ɗaukar asarar yaƙi. Saboda kada 'yan kasuwa su ƙi fito da jiragensu, gwamnatin Birtaniya ta kafa nata tsarin inshorar yaƙi a 1939. Azurfar da ke cikin Gairsoppa tana ƙarƙashin wannan tsari, kuma bayan nutsewar gwamnati ta biya masu ita fam dubu 325 da ɗoriya. A ƙa'idar inshora, idan aka biya ka cikakken kuɗin kayanka, abin da ya saura na kayan ya koma hannun wanda ya biya. Kamar mota ce da ta yi raga-raga a haɗari: kamfanin inshora ya ba ka kuɗinta cif, to gawar motar tasa ce, ba ka da ikon zuwa ka cire injin ka sayar. Tun 1941 ke nan azurfar nan ta gwamnatin Birtaniya ce. Ta daɗe kwance a inda hannu ba ya kaiwa, amma takardunta suna ofis a Landan.

Abin da ke rikita mutane shi ne suna haɗa abu biyu da dokar teku ta raba. Akwai ceton kaya, akwai tsintuwa. A ceto, ka tsamo kayan wani daga haɗari, kayan nasa ne, kai kana bin lada gwargwadon wahalarka da kasadar da ka yi da darajar abin da ka ceto. In ba ka ceto komai ba, ba ka da ko sisi. Tsintuwa kuwa sai an tabbatar mai kaya ya sallama shi gaba ɗaya, kuma kotuna ba sa saurin yarda da haka. Shirun shekaru ba sallamawa ba ne, musamman idan dalilin shirun rashin hanyar kaiwa ne. A Birtaniya duk wanda ya shigo da wani abu daga nutsattsen jirgi dole ya kai rahoto ga jami'in da ke kula da wannan cikin kwana 28, a ba mai kaya shekara guda ya zo ya kawo hujja. Wanda ya karanta babin tsintuwa a fiƙihu zai ji abin bai yi masa baƙo ba, shekara guda ta cigiya.

Shi ya sa kamfanin da ya ciro azurfar, Odyssey Marine Exploration na jihar Florida a Amurka, bai tafi teku ba sai da takarda a hannu. A 2010 ma'aikatar sufuri ta Birtaniya ta ba shi kwangila: kamfani ya zuba kuɗinsa, in ya tashi a tutar babu asararsa ce, in ya samu a cire kuɗin aiki, ya ɗauki kashi 80 cikin ɗari na abin da ya rage, gwamnati ta ɗauki 20. Kuma wannan kamfani ya san zafin shiga ba takarda. A 2007 ya kwaso tsabar azurfa da zinariya kusan 600,000 daga wani jirgi a tekun da ke kusa da Fotugal ya yi gaba da su Amurka. Sifaniya ta kai ƙara, ta nuna jirgin yaƙinta ne Nuestra Señora de las Mercedes da ya nutse a 1804. Aka yi shekaru ana shari'a, a 2012 jiragen saman sojan Sifaniya suka zo suka kwashe dukiyar kaf, kamfani ya tashi ba tsuntsu ba tarko.

Akwai ma wani misali da ya fi kusa da namu. Wani jirgi mai suna Tilawa, shi ma na kamfanin British India, jirgin ƙarƙashin teku na Japan ya nutsar da shi a tekun Indiya a Nuwamba 1942, mutum 280 suka mutu. Yana ɗauke da azurfar da gwamnatin Afirka ta Kudu ta saya don buga kuɗi. A 2017 wani kamfani ya ciro tubali 2,364 ba tare da ya shirya da mai kayan ba, ya kai su Ingila, ya nemi kotu ta yanka masa lada. Magana ta kai har kotun ƙolin Birtaniya, wadda a 2024 ta ce Afirka ta Kudu tana da kariyar da ƙasa mai cin gashin kanta take da ita, ba za a ja ta a wannan ƙara ba.

Mu koma ga yadda aka yi aikin, don nan ne mutane suka fi raina wahalar. Gairsoppa yana kwance a zurfin mita 4,700. Titanic da ake ta zuzutawa yana mita 3,800 ne, wato wannan ya fi shi da kusan kilomita guda. Duk mita goma da ka nutsa, ruwa yana ƙara danna kowane murabba'in santimita na jikinka da nauyin kusan kilo ɗaya. A wancan zurfin, wurin da bai fi faɗin farcenka ba yana ɗauke da nauyin da ya kusa buhun siminti goma. Ƙwararrun masu nutso da ke aikin rijiyoyin mai da wuya su wuce mita 300. Ba haske ko ƙyas, sanyi kuma 'yan digiri kaɗan ne sama da daskarewa. Ba ɗan Adam ɗin da ya taka jirgin nan tun daren da ya nutse.

Kafin a ciro sai an gano inda yake. Abin da ake da shi rahoton kwamandan U-101 ne da bayanin Ayres da lissafin tafiyar jirgin, kuma kowanne cikinsu kintace ne na mutanen da suke aiki cikin duhu da hadari ba tare da na'urar tauraron ɗan Adam ba. Sai a shata yanki mai faɗi a taswira, a ɗauko jirgin bincike ya ja wata na'ura a bayansa da igiyar ƙarfe mai tsawon kilomitoci. Na'urar tana tafiya kusa da ƙasan teku tana aika sauti hagu da dama, tana sauraron amsa-kuwwa, daga nan kwamfuta ta zana hoton abin da ke ƙasa. Jirgin ya je ya dawo, ya je ya dawo, kamar mai huɗa yana bin kunya, a saurin da bai fi na mai tafiya da ƙafa ba. Da jirgin binciken Rasha mai suna Yuzhmorgeologiya aka yi wannan, aka dace a 2011, aka sanar a watan Satumba. Da aka saukar da na'ura mai kyamara sai ga jirgin a zaune daram kan gindinsa, bakunan rumbunansa a buɗe. Tsawonsa da faɗinsa da yawan rumbunan da ramin tofido a inda aka ce ya same shi da akwatunan shayi, su suka tabbatar shi ne.

Cirowar da jirgin Seabed Worker aka yi ta, a bazarar Turai ta 2012 da ta 2013, domin da hunturu tekun ba ya aikatuwa. Mutum-mutumi mai hannuwan ƙarfe, girmansa kamar ƙaramar mota, shi ake saukarwa da igiya. Saukar kaɗai sa'o'i take ci. Masu sarrafa shi suna zaune a ɗaki a kan jirgi suna kallon allo. Da shi ake yanka farantan ƙarfe, a kawar da tarkace da laka, a leƙa ɗaki bayan ɗaki. In an ga tubali sai hannun ya ɗauke shi ya sa a kwando na ƙarfe, kwando ya cika a jawo shi sama. Kowane tubali ya kai kilo 35 ko kusa da haka: girmansa bai wuce na babban burodi ba, amma ya fi jarka mai lita 25 cike da ruwa nauyi. A shekarar farko an ciro 1,218, a ta biyu 1,574, jimla 2,792, kimanin tan 100, lodin tirela uku da ɗoriya. Wannan ya kai kashi 99 cikin ɗari na azurfar da aka biya inshorarta. An yi ta yaɗa cewa akwai wata azurfar ta gwamnati da za ta kai jimlar zuwa oza miliyan 7 (oza ita ce ma'aunin nauyin da ake cinikin azurfa da shi), amma ba a ganta ba. Abin da ya fito bai kai rabin haka ba.

Ga wani abin da labaran jarida ba su cika faɗa ba. A Afrilu 2011 farashin azurfa ya kusa dala 49 kowace oza. Zuwa tsakiyar 2013 ya faɗo wajen dala 20. Sakamakon haka kwasar shekara ta biyu, duk da ta fi yawa, kuɗinta bai kai na ta farko ba: ta farko an ƙiyasta ta wajen dala miliyan 38, ta biyu wajen 35. Daga ciki za a cire hayar jirgi na watanni da albashin ƙwararru da kuɗin tacewa. Riba dai an samu, amma ba irin wadda kanun labarai suka sa mutane mafarki ba.

Tambayarka ta biyu ta fi sauƙi. Tsatsa tana son iskar da muke shaƙa, tana son ɗumi, tana son ruwa mai motsi. A can ƙasa sanyi ne da duhu da ruwa mai tafiyar hawainiya, saboda haka ƙarfe yana lalacewa amma a hankali. Akwai ƙwayoyin halitta masu cin ƙarfe da ke barin tsatsa tana reto a jikin jirgi kamar narkakken kyandir, kuma wata rana za su durƙusar da shi. Azurfa kuwa ba ta tsatsa irin ta baƙin ƙarfe. Fatarta ce take yin baƙi, kamar yadda zoben azurfa yake dushewa in an ajiye shi, amma cikin yana nan. Tsabar kuɗi siririya tana iya cinyewa, tubali mai kauri kuwa ko a jikinsa. An ciro su baƙi ƙirin, amma lambobi da hatimin da aka buga musu suna karantuwa, har da na gidan buga kuɗi na Bombai a kan wasu, kuma da waɗannan lambobin aka gwada su da takardun inshorar 1941. A 2014 gidan buga kuɗi na Birtaniya ya buga tsaba 20,000 na tunawa daga cikin azurfar.

Abin da ya fi ba ni mamaki ma takarda ce. An ciro wasiƙu kimanin 700 da suka manne da juna suka zama dunƙule ƙarƙashin jakunkuna da laka, inda iska ba ta kaiwa. Masu gyaran tsofaffin takardu suka bi su a hankali suna rabawa, aka karanta da yawansu: sojoji da 'yan kasuwa da 'yan mishan suna rubuta wa gida a ƙarshen 1940. An baje su a gidan tarihin aika wasiƙu na Landan a 2018.

Akwai abin da ya tsaya mini a rai a labarin nan, kuma tunda ka tambayi na wa ne, zan faɗa. A doka amsar a fili take, na gwamnatin Birtaniya ne. Amma mafi yawan waɗanda suka mutu, kimanin mutum 70, matuƙan Indiya ne da Turawa suke kira laska. Su ne masu zuba kwal da masu wanke daɓe da masu dafa abinci, kuma albashin irinsu a wancan zamani bai kama ƙafar na Bature mai aiki iri ɗaya ba. Sunayen Turawan jirgin suna jikin bangon tunawa na Tower Hill a Landan, nasu kuwa suna can Chittagong, a Bangladesh ta yau. A rabon kashi 80 da 20 ba a yanka musu komai ba, dokar ma ba ta san da wani haƙƙi nasu a cikin kayan ba. Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi.

Wannan ya jawo maganar ko ya dace a taɓa irin waɗannan jirage tun farko, tunda makwancin mutane ne. Jiragen yaƙi suna da kariya mai ƙarfi, na 'yan kasuwa kuwa kariyarsu ba ta kai haka ba, duk da abu ɗaya ya kashe mutanen ciki. Yarjejeniyar UNESCO ta 2001 ta hana cinikin abubuwan tarihi na ƙarƙashin ruwa, amma tana farawa ne daga abin da ya cika shekara 100 a nutse. Najeriya ta amince da ita tun 2005. Birtaniya da Amurka ba sa ciki lokacin da aka yi wannan aiki. Jiragen Yaƙin Duniya na Ɗaya sun riga sun cika shekarun, Gairsoppa kuwa sai 2041.

Daga cikin waɗanda ruwa ya turo gawarsu gaɓa a Lizard akwai ma'aikacin rediyon jirgin, saurayi ɗan shekara 18, da wasu Indiyawa biyu. An binne su a harabar cocin ƙauyen Landewednack, kusa da inda kwalekwalen ya kife. Kabarin saurayin yana da suna. Na Indiyawan biyu ba a san sunan da za a rubuta ba.